Kafin a Ƙara wa Injin Turbo Ƙarfi: Shawarwari ga Gidan da ke da Mota

Motocin da ke shigo mana yanzu, ta Legas ko ta Kwatano, sun sha bamban da na shekaru ashirin baya. Inji ya ƙanƙance, an liƙa masa turbo. Honda Accord ta 2018 lita ɗaya da rabi ce kacal, amma tana ba da ƙarfin doki 192. Mercedes C300 ta 2015 lita biyu ce, doki 241. Lexus NX200t, Ford mai EcoBoost, Peugeot 508 mai THP, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Idan irin wannan mota ta shigo gida, ba a daɗewa wani, ko maigidan ko ɗansa saurayi, zai gani a YouTube cewa da kwamfuta da waya guda ana iya ƙara mata doki hamsin ko fiye kafin a sha shayi a gama. Ba ƙarya ba ce kuwa, ana yi.

Turbo fankoki biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyun kuma tana cusa iska cikin injin da ƙarfi. Iska ta yawaita, fetur ɗin da za a iya ƙonawa ya yawaita, ƙarfi ya ƙaru. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa dabarar rajista tun 1905. A motocin yau sandar nan tana juyawa fiye da sau dubu 150 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukanta kuma yana kaiwa digiri 900. Yawan iskar da za a cusa, ƙwaƙwalwar mota ce ke yanke shi, wadda kanikawa ke kira birenbos. Kamfanin da ya ƙera motar bai bar injin ya kai iyakar ƙarfinsa ba. Ya bar rata saboda gurɓataccen mai, saboda zafi, saboda mai motar da ke makara da juye. Ratar nan tamkar hatsin da aka bari a rumbu ne don bazara, kuma ita mai tunin, wato mai sauya manhajar ƙwaƙwalwar, ke buɗewa ya sayar maka. A Jamus rumbun cike yake. A Kano ko Maraɗi fetur ɗinmu da zafinmu da ƙurarmu sun riga sun ɗiba tun kafin kowa ya taɓa motar.

1. A fara tantance ko motar wace ce, kuma aikin me take yi.

Idan ita kaɗai ce a gidan, ita ke kai yara makaranta, ita za a tayar da tsakar dare idan naƙuda ta zo, to a ganina a bar ta yadda take, ko a tsaya a kan gyare-gyaren da ke lamba ta 2 da ta 4 da ta 10, waɗanda ba su da illa. Motar wasa daban, motar iyali daban. Kuma maganar ba ta maigida kaɗai ba ce. Uwargida na da haƙƙin ta ji lissafin kafin a fara, domin ranar da inji ya yi nokin, kuɗin cefane da na makaranta ne za su ji a jikinsu. Lissafin gaskiya ya haɗa da kuɗin manhaja, da na kayan da za su biyo bayanta, da kuma kuɗin wani injin daga Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo idan abu ya ɓaci. Wanda ba zai iya ajiye na ukun a gefe ba, bai shirya ba tukuna.

2. A nemo dawakin da suka ɓace kafin a sayi sababbi.

Yawancin motocin da ake sayowa na hannu ba sa ba da ƙarfin da aka rubuta musu a takarda. Mota ta yi shekara takwas ko goma a Amurka, ta zo an mayar mata da maleji baya, mai ita yana zaton sabuwa ce. Kafin komai a kai ta wurin mai na'urar duba mota. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin OBD2 a ƙasan sitiyari, na Turai masu fetur kuma daga 2001. A karanta duk wani laifi da ƙwaƙwalwar ta ajiye, a gyara shi, ba a goge shi kawai don wutar gaban direba ta mutu ba.

Sai a auna matsin kowace silinda. Idan ɗaya ta gaza 'yan uwanta da fiye da kashi goma cikin ɗari, akwai matsala a ringi ko bawul, kuma ƙarin iska zai fallasa ta cikin makonni. A hura iska cikin bututan da ke tsakanin turbo da inji a saurari inda take tsira, don roba ɗaya da ta tsage ta isa ta sa turbo ya yi ta wahala a banza. Injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin su TSI na Volkswagen da THP na Peugeot, suna tara baƙin gawayi a bayan bawul ɗin shigar iska, saboda fetur ba ya bi ta nan balle ya wanke su. Sai an buɗe an kankare. Kowane inji kuma da ciwon gidansu: EA888 na Volkswagen da Audi, zubi na biyu, an san shi da shan baƙin mai da matsalar abin da ke ɗaure sarƙar taimin, zubi na uku kuma da yoyon famfon ruwa. Sau da yawa idan aka gama wannan zagaye, mai mota kan ji ta sauya har sha'awar tunin ta fita daga ransa.

3. Fetur shi ne iyakarka, kuma lambar 91 na iya yaudararka.

Nan ne mafi yawan asara ke faruwa, don haka zan ɗan daɗe. Idan aka matse iska da fetur sosai cikin zafi, wani ɓangarensu kan fashe da kansa maimakon ya ƙone a hankali daga tartsatsin fulogi. Fashewar tana dukan fistin kamar guduma. Idan ta yawaita sai gefen fistin ya tsage ko gasket ya ƙone. Abin da ke nuna juriyar fetur ga wannan fashewa shi ne okten. Inji na da sensa da ke sauraren bugun, da ta ji sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta tartsatsi ta rage ƙarfi don kare shi, amma kariyar tana da iyaka.

Ma'aunin okten iri biyu ne a duniya. Turai da Afirka da Asiya na amfani da RON. Amurka da Kanada na rubuta AKI a famfo, wanda lambarsa kan gaza RON da huɗu zuwa shida. Fetur ɗin da ake sayarwa a Najeriya wajen RON 91 ne, wato daidai da mafi arha a Amurka, mai lamba 87. Manhajar tunin da kamfanonin Amurka ke sayarwa an rubuta mata 91 ko 93, kuma AKI suke nufi, wato kusan RON 95 da 98. Mutum ya ga 91 a intanet, ya tuna an ce man Najeriya 91 ne, ya ce ai shi ke nan. Alhali ya ɗora wa injinsa manhajar man da babu shi a gidan man unguwarsu.

Ɗauki Golf GTI zubi na bakwai, wadda ta fito a 2013 da doki 220. Kamfanoni irin su APR da Revo kan kai ta kusan 300 da manhaja kaɗai, ba a kwance ko kusa ɗaya ba. Waɗannan alƙaluma na mai okten 98 ne da iska mai sanyi. Da namu man, mai gaskiya zai ba ka abin da bai kai haka ba nesa, kuma wanda ya yi maka alƙawarin 300 ko bai san aikinsa ba ko bai damu da injinka ba. Buɗe murfin tankin motarka ma ka karanta. C300 da NX200t tun daga kamfani mai tsada aka rubuta musu, ma'ana a nan sun riga suna tafiya ne a kan jinƙan sensa. Accord da CR-V masu lita ɗaya da rabi an yi su don mai arha, su suna da ɗan sauƙi.

Ga kuma rashin tabbas. Ba a manta Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima daga Antwerp ta Beljiyam, layuka suka cika Abuja da Legas, motoci suka lalace. Motar da aka yi wa tunin ba ta shan man 'yan bumburutu, ko da kuwa za a kwana a layi. A zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu masu ciniki da yawa a tsaya a kansu. Kwalaben ƙarin okten da ake sayarwa a shagunan kayan mota kuwa, yawancinsu idan sun ce suna ƙara maki uku, 0.3 suke nufi, ba 3 ba.

Akwai masu fesa ruwa da methanol cikin iska don sanyaya ta da hana fashewa. Dabarar tana aiki, amma tana da tarihi. Oldsmobile Jetfire ta 1962, ɗaya daga cikin motoci biyu na farko masu turbo da aka sayar wa jama'a, da irin wannan tanki ta zo. Masu ita suka riƙa mance cika shi, mota ta riƙa yin sanyi, ƙorafi ya yi yawa. Shekara biyu aka daina ƙera ta, ba a sayar da dubu goma ba, daga baya kamfanin ya koma cire wa mutane turbon. Motar da mutum uku ke tuƙawa a gida ɗaya, wa zai riƙa tuna wannan tanki?

4. A kashe kuɗi kan sanyi kafin a kashe kan ƙarfi.

Iskar da ta fito daga turbo na iya haura digiri 130. Shi ya sa ake bi da ita ta intakula, wani ɗan lagireto na iska, kafin ta shiga inji. A watan Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke haura digiri 40, iskar waje ma ba ta da nauyin da take da shi a Turai: tsakanin digiri 20 da 45 ana rasa kusan kashi takwas cikin ɗari. Ka tsaya a cunkoso da esi a kunne, intakula ya jiƙe da zafi, ka samu hanya ka taka totur, a daidai lokacin ne fashewar da muka ambata ke samun ƙofa. Babban intakula mai kyau shi ne kayan ƙari guda da zan yarda a sa wa ko da motar da ba za a yi wa tunin ba.

Sai al'adar garejinmu. Mota ta sauka daga jirgi, bakanike ya ce tamostat na ƙasar sanyi ne, ya cire ya jefar, ya haɗa fanka kai tsaye. Kada a yarda. Ƙwaƙwalwar mota na lissafin fetur da tartsatsi ne bisa zafin ruwa, inji kuma an yi shi ya yi aiki a wajen digiri 90. Idan an riga an cire, a mayar. A zubar da ruwan famfo ko na leda da ke cikin lagireto a sa kulan irin wanda littafin motar ya faɗa, don shi ma turbon ruwan nan ke sanyaya shi a yawancin motocin fetur, tsatsa kuma na toshe ƙananan hanyoyinsa. A wanke ƙura da ƙwari da ke maƙale tsakanin kondensa da lagireto. Wannan aikin rabin yini ne.

5. Matatar iska ta takarda ta fi dacewa da mu.

Buɗaɗɗiyar matata mai siffar mazurari tana da kyan gani, tana kuma sa a ji shessheƙar turbo. Ƙarfin da take ƙarawa kaɗan ne ƙwarai, idan ma ba zafin cikin bonet take zuƙa ba. Irin ta auduga da ake shafa wa mai tana barin ƙura mai laushi ta wuce fiye da ta takarda, man kuma kan ɓata sensar auna iska. Ƙurar hunturu a kan fankar da ke juyawa sau dubu 150 a minti, cin fukafukanta take yi a hankali. A bar akwatin kamfani, a riƙa canza takardar da wuri.

6. Wanda zai taɓa ƙwaƙwalwar, a yi masa tambayoyi.

Kafin ya rubuta komai, ya kwafi manhajar asali ya ba ka a filashi ka ajiye a gida. Ka tambaye shi daga ina fayil ɗin ya fito, kuma don wane okten aka yi shi. Ka tambaye shi ko zai ɗauki bayanan injin yayin tafiya, kafin da bayan aiki: matsin iska, zafin iskar da ke shiga, rabon iska da fetur, da yawan jinkirin tartsatsin da ƙwaƙwalwa ke yi a kowace silinda. Gwajin ya kasance da rana tsaka da man da ka saba sha, ba da asuba ba. Idan yana da na'urar daino, wadda ake ɗora mota a kai a auna ƙarfinta, madalla. Idan amsarsa ita ce “Alhaji kada ka damu, mun yi wa irinta da yawa,” ka karɓi makullinka. Haka wanda ya ce zai kashe sensa don wutar gaban direba ta daina kamawa.

Akwai akwatunan da ake jonawa tsakanin sensa da ƙwaƙwalwa, irin su JB4 da RaceChip. Suna aiki ta hanyar sauya abin da sensa ke faɗa, kuma amfaninsu shi ne ana iya cire su ko a rage su zuwa mataki na ƙasa. Su daban ne da 'yan ƙananan robobi masu launin rawaya ko kore da ake cusawa a soket ɗin OBD2, ana cewa suna ƙara ƙarfi da kashi talatin da wani abu. Waɗanda suka fasa su sun tarar babu komai ciki sai fitilu masu ƙyaftawa. Asararsu kuɗinka ne kawai. Wanda ya fi su haɗari shi ne bakaniken da zai ɗaure sandar ƙofar sakin hayaƙi ta turbo, ko ya toshe bututunta, don matsi ya hau. Ƙofar nan ita ke hana turbo wuce gona da iri. Iska za ta ƙaru ba tare da lissafin fetur ba, fistin kuma shi zai biya.

7. Giya na da nata iyaka.

Abin da ke kashe giya ba doki ba ne, ƙarfin murɗawa ne, kuma tunin ya fi ƙara shi a ƙananan juyi. Volkswagen da kanta ta nuna hakan a Polo GTI mai lita 1.8: inji ɗaya, doki 192, amma mai giyar hannu an ba ta Nm 320, mai otomatik ta DSG mai giya bakwai kuma aka tsayar da ita a 250, don iyakar abin da wannan giya, DQ200, ke ɗauka ke nan. Idan masu ita sun ja birki a nan, ban ga dalilin da wani a gareji zai wuce su ba. DSG mai giya shida, wadda kulocinta ke cikin mai, ta fi juriya, amma tana son a canza mata mai duk kilomita dubu 60, kuma ita ma akan gyara mata manhaja. Golf GTI mai giyar hannu an san ta da sulɓewar kuloci jim kaɗan bayan tunin, sai a sa kuɗin sabon kuloci cikin lissafi tun farko. CVT, irin ta Accord da CR-V da Civic, bel ne na ƙarfe tsakanin fuli biyu. Idan ya fara sulɓewa, yawanci giya ɗungurungum ake nema. Mai CVT ya yi haƙuri da kaɗan ko ya haƙura baki ɗaya.

8. Baƙin mai, fulogi da halin direba.

Man da ke sanyaya sandar turbo shi ne dai baƙin man inji. A sayi na asali mai lambar da littafi ya faɗa, a duba jikin galan a ga API SP, ko aƙalla SN Plus. An fito da waɗannan ne, SN Plus a 2018, SP a 2020, musamman saboda wata irin fashewa da ke samun ƙananan injinan turbo idan aka take totur a babbar giya mota na tafiya a hankali, fashewar da kan fasa fistin a bugu ɗaya. Jabun mai ya yi yawa a kasuwa, saboda haka a saya wurin dila, a tsaya a ga an buɗe galan. Bayan tunin a rage tazarar juye, a riƙa duba sanda kowane mako. Fulogi ma a canza da wuri, mai tunin zai faɗi ko ana buƙatar mai jure zafi da ƙaramar tazara.

Sauran na direba ne. Kada a take mota da ƙarfi sai ta ɗumama. Idan an sha doguwar tafiya da gudu, daga Kaduna zuwa Zariya misali, kada a kashe ta nan take. A sassauta a kilomitocin ƙarshe ko a bar ta minti ɗaya ko biyu tana aiki, don man da ya tsaya cikin turbo mai zafi ƙonewa yake ya daskare. Duk wanda ke tuƙa motar a gidan ya san wannan, har direban da ke kai yara.

9. Salansa da abin da ake kira indomi.

Faɗaɗa bututun da ke bayan turbo na sauƙaƙa fitar hayaƙi, kuma shi ne mataki na biyu a tsarin masu tunin. Amma fasa indomi, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, a zubar, wanda wasu kanikawa ke zuga mutane su yi don su sayar da abin da ke ciki, ba ƙarin ƙarfi ba ne. Wutar gaban direba za ta kama, wari zai cika gida, iskar da ke fita kuma guba ce ga yaran da ke wasa a bayan mota da safe. A Amurka da Jamus da Ingila laifi ne a motar da ke hawa titi. Idan ya toshe a sa wani mai faɗin hanya. Manhajar da ke sa salansa harbi kamar bindiga, ɗanyen fetur take turawa ya ƙone cikin turbo, tana rage masa kwana, ga tayar da hankalin maƙwabta a zamanin da ƙarar harbi ba abin wasa ba ce. Bawul mai yin “fishsh” idan an saki totur, ƙara kawai yake bayarwa.

10. Birki da taya su riga manhaja.

Ƙarfin da birki zai kashe yana ninkuwa ne fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Motar da ke kilomita 140 a sa'a na buƙatar kusan ninki biyu na tazarar tsayawar wadda ke 100. Man birki na tsotsar danshi: DOT 4 sabo sai ya kai aƙalla digiri 230 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa 155 ma ta isa, idan ya tafasa kuma ƙafa ce za ta nutse har ƙasa. A canza shi duk shekara biyu. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Akwai kuma harafin gudu: T kilomita 190, H 210, V 240. Tsohuwar taya 'yar gwanjo a kan kwalta mai zafi ba ta san an ƙara wa inji ƙarfi ba. Ƙa'idar hanya a Najeriya ta ba ƙaramar mota 100 a babban titi mai hannu biyu, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Amfanin ƙarin ƙarfi na halal ɗaya ne, a wuce tirela cikin ɗan lokaci a koma hannu.

11. Babban turbo wani aiki ne daban.

Masu Golf GTI kan cire turbonsu IS20 su sa IS38 na Golf R mai doki 300. Daga nan sai famfon mai, sai kuloci, sai intakula, sai manhajar da aka rubuta don motar kanta. Babban turbo kuma kan makara kafin ya kama, mota ta yi nauyi a cikin gari inda ake yawan amfani da ita. Samari kan kawo misalin Toyota Supra ta 1993 da injinta 2JZ da ke ɗaukar ninkin ƙarfinsa, ko Mercedes A45 S ta 2019 da ke fitar da doki 421 daga lita biyu. Na farkon gangar jikinsa baƙin ƙarfe ce mai kauri, na biyun tun daga fistin aka gina shi don wannan aiki. Injin Accord ba ɗayansu ba ne. Wanda ke son ƙarfin Golf R, sau da yawa sayar da tasa ya cika kuɗi ya sayi Golf R ya fi masa arha.

12. Masu Hilux da sauran na gas.

Injin gas ba ya fama da matsalar okten, shi ya sa ya fi karɓar tunin. Abin da ke kashe shi zafin hayaƙi ne. Baƙin hayaƙi alama ce ta man da bai ƙone ba, ba alamar ƙarfi ba. A duba nozul kafin a fara, don nozul mai ɗiga kan tsaga fistin, abin da masu injin 1KD na Hilux da Prado suka sani. A sa agogon auna zafin hayaƙi, idan an ɗauko kaya ana hawan Jos ko Mambila aka ga yana neman wuce digiri 700, a sauke giya a sassauta ƙafa. A kan tudu iska ba ta da nauyi, turbo na ƙara gudu don cike giɓin, don haka manhajar da ta zauna lafiya a Lakwaja ba lalle ta zauna a can ba.

13. Garanti, inshora da makulli.

Sabuwar motar da aka saya wurin dila tana rasa garantin inji da giya idan aka taɓa manhajarta, kuma mayar da ta asali ba ya ɓoye sawu. Volkswagen da Audi na da alamar TD1 da na'urarsu ke liƙa wa irin wannan mota. Mai cikakkiyar inshora ya sanar da kamfaninsa a rubuce kafin aiki, kada ranar biya su ce ba motar da suka sani ba ce. Mai ƙaramar inshora ta naira dubu 15, wadda ta fara aiki a Janairun 2023, ya tuna cewa dukiyar wani take biya, har naira miliyan uku, ba ta biyan injinsa. Fetur ma zai ƙaru, ba don manhajar kaɗai ba, don ƙafar da ta ɗanɗana ba ta komawa yadda take, kuma tun cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san abin da lita ke ci. A ajiye duk kayan asali da aka cire a cikin kwali. Ranar sayarwa a faɗa wa mai saye gaskiyar abin da aka yi wa motar, ko a mayar da ita yadda take.

Wasu manhajojin na zuwa da matakai da ake sauyawa daga sitiyari ko daga waya, har da wanda ke rage ƙarfi ya kuma kafa iyakar gudu. Idan akwai saurayin da bai daɗe da karɓar lasisi ba a gidan, ko ana yawan ba da aron motar ranar biki, a nemi mai irin wannan tsari, a bar ta a matakin ƙasa, lambar sauyawar kuma ta tsaya tsakanin maigida da uwargida.